Kukan Tarbon da Ban Ji Ba

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai. Akwai mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru, yanzu sai an tuna mini sunayensu. Amma abin da ya faru tsakanina da aminina a kan wata mota akori-kura, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba. Na daɗe ba na iya ba da labarin. Ko a gida aka ɗauko zancen, tashi nake yi in fita. Yanzu dai na ga gara in faɗa, ko wani zai tsira daga irin abin da na jawo.

Ni bakanike ne a Daura. Garejina yana kan hanyar Zango, ƙarƙashin wasu dalbejiyoyi guda biyu, kuma a lokacin da abin ya faru na haura shekara talatin ina wannan sana'a. Abin da aka san ni da shi a garin shi ne kunne. Ba na kwance inji sai na saurare shi. Mutum zai kawo mota, in ce ya tayar, in kafa sukudireba a jikin inji in ɗora kunnena a kan ƙotar, in ce masa ga abin da ke damunta. Sau da yawa idan aka buɗe sai a tarar haka ne. Direbobin tasha har cewa suke yi, a kai wa mai kunne. Ba zan ɓoye ba, sunan nan ya shiga kaina. Ya zame mini kamar riga, ban san yadda zan fita cikin mutane babu shi ba.

To ashe kunnen ya fara tafiya. Bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa. Da farko ƙananan ƙararraki ne suka ɓace. Wayata za ta yi ta ringi a aljihu, sai wani ya taɓa ni ya ce ana kirana. Jikokina mata idan suna magana sai in ga baki yana motsi, amma rabin kalmomin ba su iso ni ba. Muryar maza da rugugin inji ina jin su, sai dai duk wata siririyar ƙara ta daina zuwa. A madadinta sai wani ɗan zuuu da ba ya barin kunnena na hagu. Shekara talatin na guduma da janareta da salansa a fashe, ai dole.

Mai ɗakina ce ta fara lura. Wata rana ta kawo mini abinci, ta tarar rediyo yana ta ihu a gefena, ta rage shi ta zauna.

"Malam, don Allah ka je a duba kunnen nan. Sau uku na yi sallama."

"Ke ce dai ba kya buɗe baki," na ce mata. "Kunnen da nake ci da ku da shi ne za ki ce ya lalace?"

Ta tashi ta fita. Na san gaskiya ta faɗa. Amma a raina ina ganin idan aka ji a gari cewa mai kunne ya je asibitin kunne, to garejin ya mutu ke nan. Musamman da yake a lokacin wani matashin bakanike da ya koyo aiki a Kano ya buɗe nasa wurin a cikin gari, yana da na'urar da ake jonawa a mota ta faɗi ciwonta. Masu sababbin motoci duk sun fara komawa can.

Aminin nawa kuwa tare muka tashi a unguwa ɗaya kusa da Kusugu, makarantar allonmu ɗaya. Ni na bi ƙarfe, shi ya bi sana'ar mahaifinsa ta fataucin dabbobi, daga baya ya koma Sandamu da zama inda gonarsu take. Alhaji nake kiransa, shi kuma yana ce mini Injiniya, rabi wasa rabi girmamawa. Duk motar da ya taɓa mallaka ni na riƙe ta. Ta ƙarshen ita ce akori-kurar nan mai shan gas, wadda yake ɗaukar raguna da awaki zuwa kasuwanni. Da ita yake ciyar da gidansa da kuma marayun ƙanensa da suka dawo hannunsa.

Motar tana da tarbo. Ga wanda bai sani ba, tarbo wata 'yar na'ura ce a gefen inji, kamar dodon koɗi, cikinta akwai fanka. Hayaƙin da ke fita ne yake juya fankar, ita kuma ta tura iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Gudun da take yi ya wuce misali, kuma abin da ke hana ta ƙonewa shi ne baƙin mai da ke zuwa mata ta wani siririn bututu. Idan bututun ya toshe, sai ta bushe ta yi zafi, ƙarfen tsakiyarta ya fara lilo, daga nan ta fara zubar da baƙin mai cikin inji. Kafin ta kai ga haka takan yi kuka, wani siririn fito mai tsini. Duk wannan na san shi. Ni da bakina na sha koya wa mutane.

Da bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, saura 'yan makonni Babbar Sallah. Kwana uku kafin kasuwar Mai'adua sai ga Alhaji ya shigo garejin wajen hantsi. A ƙarƙashin dalbejiya akwai direbobi huɗu ko biyar suna zaune a kan benci, kamar kullum. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya buɗe bonet.

"Injiniya, motar nan ba ta yi mini daɗi. Silo ɗinta ya hau. Ko ban taka totur ba sai ka ji tana gurnani kamar za ta tashi. Shekaranjiya da na dawo daga Zango na buɗe nan, na ga abin nan ya yi zafi har fentin gefensa ya ƙone. Kuma baƙin mai yana raguwa, ban ga inda yake zuba ba."

Na ce ya tayar. Ya tayar, kuma lallai silo, wato gudun inji idan mota tana tsaye, ya hau, wannan ko a tafin ƙafata ina jin sa. Na kafa sukudireba na ɗora kunnen dama. Fistin lafiya, babu bugu a ƙasa, komai yana tafiya daidai. Na ɗago ke nan sai na ga Alhaji ya ɗaga yatsa sama.

"Yauwa! Ka ji ta ko? Wannan ƙarar nake so ka ji. Kamar ana busa usur daga nesa."

Na tsaya. Na karkata kai. Wallahi babu abin da nake ji sai rugugin inji da zuuu ɗin kunnena. Na dubi benci, sai na ga ɗaya daga cikin direbobin yana gyaɗa kai, alamar shi ma ya ji. Duk sun zuba mini ido suna jiran abin da mai kunne zai ce.

Na sha komawa wannan wurin a tunanina, ba sau ɗari ba. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In ce, Alhaji, ban ji ba, kashe motar. In ɗauko sifana in cire tiyon iska, in sa yatsa in girgiza fankar. Aikin da bai fi minti goma ba. Da na yi haka da na ga tana lilo, da na ga baƙin mai kwance a cikin tiyon. Amma yin haka yana nufin mai mota ya ji abin da bakanike bai ji ba, a gaban mutane.

Sai na yi dariya na ce, "Haba Alhaji, ai wannan kukan tarbo ne. Haka take yi tun daga kamfani. Yau ka fara jin ta?"

"Anya? Da ba haka take ba fa."

"To ko in ba ka sifanar ka yi aikin?"

Direbobi suka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "A'a, ni wa? Kai ne Injiniya." Ya koma ya zauna a benci.

Na shiga aiki a kan abin da na ga dama. Na ce masa iyakilina, wato matatar iska, ce ta toshe da ƙura shi ya sa tarbo take zafi, na canja ta. Na wanke lagireto. Na ce nozul masu fesa wa inji gas suna zubar da shi fiye da kima, na kwance su na wanke. Sannan na je kan famfon gas na juya sukurun silo, na danne shi har injin ya sauko ya yi laushi. Wato na rufe wa ciwon baki ke nan, ban taɓa shi ba. Ina cikin mayar da kaya hannuna ya shafi ƙarƙashin babban tiyon da ya fito daga tarbo, na ji danshi. Na duba yatsuna, baƙin mai ne. Na san abin da hakan yake nufi. Amma a lokacin na riga na yi magana a gaban jama'a, na riga na sa an yi masa dariya. Na goge hannun a tsumma na ce wa kaina ai tsohuwar mota ba ta rasa ɗan gumi.

Da zai tafi ya leƙo ta taga ya ce, "In ɗora mata kaya ranar kasuwa?"

"Ɗora mata har Legas," na ce.

Ranar kasuwar, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina ƙarƙashin wata mota aka taɓa ƙafata aka ce wayata tana ringi. Alhaji ne. Na manna wayar a kunnen dama da ƙarfi. Ya ce yana tsakanin Sandamu da Daura, ya tsaya a gefen hanya. Silo ya sake hawa fiye da da, hayaƙi fari yana bin bayansa, ya tsorata ya kashe ta. Na ɗauki jakar kayan aiki na hau babur.

Na same shi a wani fili, babu gida kusa, sai gonaki da aka share ana jiran ruwa. Rana ta take. A bayan motar raguna ne cike, manya, kowanne an ɗaure shi da igiya a jikin katakon da aka kewaye bodin da shi, an shimfiɗa musu harawa a ƙasa. Bayan kan motar akwai jarkar gas da yake tafiya da ita. Ragunan suna ta haki. Alhaji ya ce mini rabinsu nasa ne, rabi na marayun nan, wata shida ana kiwonsu don kasuwar Sallah.

Na buɗe bonet, zafi ya dake ni a fuska. Jikin tarbon ya canja kala, ya yi wani shuɗi-shuɗi. Ko yaron da ya fara koyon aiki jiya ya ga wannan ya san kada a sake tayar da injin. Ya kamata in ce a sauke dabbobin, a nemo wata mota, wannan kuma a ja ta zuwa gari. Amma har a lokacin abin da ke raina shi ne in ji ƙarar nan da kunnena. Ina ganin idan na ji ta, to ban zama kurma ba, kuma zan iya cewa yau ta fara, ba ran nan ba.

"Tayar mu ji," na ce.

"Injiniya, lafiya kuwa? Ni fa tsoro take ba ni."

"Tayar kawai, ina nan."

Ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya kama da gurnani. Ya leƙo yana nuna mini da hannu, yana ɗaga murya: "Ga ta nan! Ka ji yadda ta ƙaru?"

Ban ji ba. Na sunkuya har gemuna yana neman taɓa ƙarfe, ban ji ba. Sai na ɗaga masa hannu na ce, "Taka totur! Ƙara takawa!" Ina so ƙarar ta yi ƙarfi ta iso ni.

Ya taka. Injin ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa, sai kuma ya ƙi saukowa. Na ga Alhaji ya ɗauke ƙafarsa, na ga ya zare makullin ya ɗaga mini shi ta gilashi, idanunsa a waje. Makulli yana hannunsa amma injin yana ta hawa. Nan take na gane abin da ya faru. Tarbon ta fashe daga ciki, baƙin man da ya taru ya kwarara cikin inji, injin ya koma shan man jikinsa. Injin gas idan ya kai nan babu ruwansa da makulli. Ba ya tsayawa sai an toshe masa iska, ko ya tarwatse.

Hayaƙi fari ya turnuƙe hanyar har ba na ganin babur ɗina. Motar tana rawa kamar za ta rabu biyu. Na yi ihu na ce ya sa babbar giya ya danne burki ya saki kuloci. Ya yi, motar ta yi tsalle ɗaya, kulocin ya ƙone, injin ya ci gaba. Na cire rigata na dunƙule zan cusa a bakin iska, amma murfin iyakilina da na ɗaure da hannuna kwana uku da suka wuce ya ƙi buɗuwa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Sai wata ƙara mai ƙarfi, wannan kam na ji ta. Wani abu ya huda gefen injin, baƙin mai ya watsu a kan tarbon da ta yi ja, wuta ta tashi.

Na faɗi da baya a cikin ƙasa. Da na ɗago sai na ga Alhaji ya fito, amma bai gudu ba. Bayan motar ya nufa. Iska tana kaɗa wutar ta ƙarƙashi zuwa baya, harawar ta fara kamawa, ragunan suna ta tsalle suna shaƙe kansu da igiya. Ya haye bodin da 'yar wuƙarsa yana yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana turo su ƙasa. Ina ta kiransa, "Alhaji, sauko! Bar su! Sauko!" Ko bai ji ba, ko ya ji ya ƙi. Na zagaya na kama ƙafarsa ina ja, ya fizge. Ya kai kan ragon da ke kusa da jarkar nan ke nan sai ta narke, gas ya malale a kan harawa. Wutar ta kama hannun rigarsa na dama.

Wasu manoma biyu da suka hango hayaƙi ne suka taimake ni muka jawo shi ƙasa, muka birgima shi cikin rairayi. Hannun nan, daga yatsu har kafaɗa, ban iya kallonsa sau biyu ba. Bai yi ihu ba. Yana ta maimaita Innalillahi, yana tambaya ko ragunan yaran sun fita. Wasu sun fita sun bazu cikin gonaki. Sauran suna ciki, muna ji muna gani. Har yau ba na iya tsayawa kusa da inda ake babbaka.

Wata motar haya ce ta tsaya ta ɗauke mu zuwa asibiti a Daura, daga nan aka wuce da shi Katsina. Ya yi kusan wata biyu a kwance. Sallah ta zo ta wuce yana can. An ceci hannun ba a yanke ba, amma yatsun sun ƙanƙance sun manne, ba sa miƙewa, ba sa riƙe komai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya zarge ni. Mutane suna zuwa gareji suna yi mini sannu, suna cewa Allah Ya so kana wurin, in ba haka ba da abin ya fi haka. Iyalinsa suna yi mini godiya. Ni kuma ina amsawa, ina cewa ƙaddara ce. Abinci ya daina shiga. Idan aka kawo mota sai in tsaya ina kallonta, in ce a dawo gobe.

Da aka jawo gawar motar cikin gari, 'yan'uwan Alhaji suka kai ta wurin matashin bakaniken nan ya duba ko akwai abin da zai moru. Ban san abin da ya kai ni ba, ranar na bi ta wurin. Ya tarbe ni da ladabi, ya ba ni kujera. Ya riga ya ciro tarbon ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauko siririn bututun man ya miƙo mini, ya ce in hura. Na hura, iska ba ta wuce ba. Ya toshe da dasƙararren mai kamar gawayi. Ya sa yatsa ya taɓa abin da ya rage na fankar, tana lilo kamar haƙorin da zai fita.

"Baba, wannan ba ciwon rana ɗaya ba ne," ya ce. "Ta yi makonni tana kuka kafin ta kai haka. Abin mamaki, a ce babu wanda ya ji ta."

Bai san motar ta biyo ta hannuna a makon da ta ƙone ba, ko kuma ya sani ya sakaya. Na ajiye bututun na ce masa haka ne. Na fito na rasa inda na ajiye babur ɗina, alhali yana gabana.

Sai bayan an sallamo Alhaji da kusan mako uku sannan na iya zuwa Sandamu ni kaɗai. Na same shi da la'asar a zaure, a kan tabarma, hannun a naɗe a kan cinyarsa. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. An kawo masa fura yana ƙoƙarin riƙe ludayi da hagu, tana zuba a rigarsa. Muka gaisa. Na zauna gabansa, na sunkuyar da kai.

"Alhaji, na zo in faɗa maka wata magana. Ranar da ka kawo motar nan, ƙarar da ka ce in ji, ban ji ta ba. Kunnena ya lalace, ya fi shekara biyu. Na ga mai a tiyo na yi shiru. A hanya ma da na ce ka taka totur, don in ji ne kawai. Ni na ƙona maka hannu."

Na zaci zai yi fushi, kuma wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ajiye ludayin a hankali, ya matso kusa da kunnena na dama yadda zan ji shi sosai.

"Na sani, Injiniya."

Na ɗago na dube shi.

"Na sani tun bara. Sau nawa ina yi maka magana ta hagu ba ka juyo ba? Ranar nan ma da ka yi dariya, na ga idonka, na san ba ka ji ba. Da na fita daga garejinka sai da na tsaya a bakin hanya ina tunanin in wuce wurin yaron nan mai na'ura. Sai na ce idan aka ga motata a can, gobe gari zai ɗauka cewa har ni na bar ka. Na kasa. Na ce bari in lallaɓa ta zuwa bayan Sallah."

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Kai don me ba ka faɗa mini ba?"

Muka zauna, tsofaffi biyu, hawaye yana bin gemunmu. Can ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe masa. Na ce me zan yafe maka? Ya ce shirun da ya yi. Aka kira magariba, ya miƙe zai yi alwala, na ga yadda yake fama da buta da hannu ɗaya. Na karɓa na zuba masa ruwan. Ya bar ni na zuba, amma ya kawar da kai.

Alhaji bai koma fatauci ba. Mai hannu ɗaya ba ya riƙe igiyar dabba, ba ya tuƙi. Yakan je kasuwa wani lokaci ya zauna a rumfar wasu, ya sa baki a ciniki, a ba shi abin da aka ba shi. Gonar da suka gada an sayar da rabinta. Babbar cikin marayun nan da take karatu a Katsina ta dawo gida, ba ta koma ba. Bai taɓa danganta ko ɗaya daga cikin waɗannan da ni ba, ko da wasa. Ni ne nake danganta su, duk lokacin da na gan su.

Na je asibitin daga baya. Likita ya duba ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a kiyaye sauran. Ya ce da na zo da wuri da an rage gudun abin. Garejin yana nan, amma na daina taɓa inji. Burki nake yi, da ƙafafun mota, abin da ido da hannu za su iya. Duk wanda ya zo mini da zancen ƙara ko silo ko zafi, nakan ce masa kai tsaye, ni ba na ji, ka kai wa wane. Ranar da na fara faɗin haka a gaban direbobin benci, na zaci ƙasa za ta tsage in shige. Babu abin da ya faru. Ɗaya ya ce Allah Ya sawwaƙe, Baba, suka ci gaba da hirarsu. Abin da na shekara biyu ina ɓoyewa, na salwantar da hannun aminina a kansa, ashe iyakar nauyinsa ke nan a wurin mutane.

Abin da na koya, na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba, shi ya sa nake ba wa wasu. Idan mutum ya ba ka amanar abin da rayuwarsa ta rataya a kai, kuma ka san akwai inda ka gaza, faɗa masa a take, ko a gaban wa. Kunyar ba ta wuce minti ɗaya. Idan kuma kai ne ka ga gazawar ɗan'uwanka, kada ka rufa masa asiri da abin da zai cutar da ku duka, ka ja shi gefe ka gaya masa. Ni na yi shiru don kada a raina ni, shi ya yi shiru don kada ya kunyata ni, kowannenmu yana ganin ya kyauta. Ya yafe mini, na kuma yarda har zuciyarsa ya yafe. Amma duk ranar da muka haɗu na miƙa masa hannu, hagu yake miƙo mini, kuma babu yafiyar da za ta canja wannan.